SHIRYA HOTON FIM KAFIN A YI MASA SIDDABARU

Jawabin da 'ya'yanmu masu karatun aikin fim suka gabatar a gaban taron ƙungiya a nan Sabo, Ibadan



Mai girma Sarkin Hausawa, ranka ya daɗe. Shugaban wannan ƙungiya da 'yan kwamitinsa, iyayenmu maza da mata, malamanmu, yayyenmu da ƙannenmu, muna yi wa kowa barka da zuwa, da fatan an zo lafiya an kuma baro gida lafiya.

Shugaba ne ya umurce mu da mu zo mu yi wa jama'a bayanin abin da muke koyo, domin kuwa iyaye da dama sun kai masa kuka. Cewa suke yi sun biya kuɗin makaranta, sun sayi kwamfuta da tsadarta, amma abin da suke gani kawai shi ne yaro ya rataya koren yadi a bango yana ta aune-aune da tef kamar tela, in dare ya yi kuma ya tasa hoto guda ɗaya a gaba har asuba. Wannan kuka yana kan hanya, wanda ya fitar da kuɗinsa kuwa yana da hakkin a faɗa masa inda suka shiga. Saboda haka muka zaɓi mu yi magana a kan wannan ɓangare da ya fi ɗaure muku kai, watau shirya hoton da aka ɗauka kafin a miƙa shi ga mai haɗi.

To, mene ne haɗi? Iyayenmu da suka je silima a zamanin samartaka ba sa bukatar dogon bayani. Kun ga Ram Aur Shyam na 1967, inda Dilip Kumar ya fito a mutum biyu, kun kuma ga Seeta Aur Geeta na 1972, inda Hema Malini ta tsaya tana magana da kanta. Ba tagwaye aka samo ba. Kafe kyamara ake yi wuri ɗaya, a ɗauki ɗan wasa yana gefen dama, a sake ɗaukarsa yana gefen hagu, sa'an nan a ɗinke hotunan biyu ta yadda ido ba zai ga ɗinkin ba. Wannan ɗinkin shi muke kira haɗi, duk abin da ya fito daga cikinsa kuma muna ce masa siddabarun fim. Babu tsafi a ciki, lissafi ne da haƙuri.

Sana'ar tsohuwa ce ƙwarai. Wani Bafaranshe mai suna Georges Méliès, wanda dama shi ɗan siddabaru ne mai gidan wasa a birnin Faris, shi ya shahara da dabarar tsayar da kyamara, a fitar da mutum, a ci gaba da ɗauka, sai mai kallo ya ga mutum ya ɓace ɓat. Fim ɗinsa na tafiya duniyar wata ya fito a 1902. A 1940 aka yi The Thief of Bagdad a tsakanin Ingila da Amurka, mai aljani da dardumar da ke tashi sama, inda Larry Butler ya yi aiki da shuɗin labule har ya sami lambar Oscar. Mu nan gida, tun da aka shiga zamanin kaset da Turmin Danya a Kano a 1990 da kuma Living in Bondage a Legas a 1992, bokaye da aljanu nawa kuka gani sun ɓace a talabijin? Dabarar Méliès ce dai. Kuma kun sha lura da cewa a wani fim in aljani ya ɓace sai bishiyar da ke bayansa ta yi tsalle, ko rana ta sauya wuri. Yara su kwashe da dariya a inda ake so su tsorata. Laifin ba na kwamfuta ba ne, hoton ne ba a shirya shi ba tun farko.

Fataken goro da ke cikin wannan taro za su fi kowa gane mu. Goron da za a kai Kano ko Sakkwato, ba a ranar da ya isa ake gyara shi ba. Tun a nan ake tsince shi, a fitar da mai sankara, a jera shi cikin ganye, a ɗaure huhu, a sa masa shaida don kada ya shiga kayan wani. In aka yi ganganci a nan, dillalin can ko ya fi kowa iya baki ba abin da zai iya. Haka mai haɗi yake. Abin da aka miƙa masa da shi zai yi aiki, abin da ba a ɗauko ba kuwa ba ya da inda zai samo shi.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce ɗalibi yana shirya fim ɗinsa na kammala karatu, akwai wata fitowa ta sakan goma inda jaruminsa, mu kira shi Hassan, zai tsaya a gaban Dutsen Dala yana magana. Kuɗin kwasar 'yan wasa da kayan aiki daga Ibadan zuwa Kano babu su. Sai a ɗauki Hassan a nan a gaban koren yadi, mutum ɗaya kuma ya hau mota ya je ya ɗauko Dala, a zo a haɗa. Kowanne daga cikin waɗannan hotuna biyu muna kiransa hoton tushe.

Ana yawan tambayarmu, me ya sa kore? Dalili biyu ne. Na farko, fatar ɗan Adam, baƙi ne ko fari, launinta ya karkata ne wajen ja da ruwan ƙasa, ya yi nesa da kore, saboda haka in aka ce wa kwamfuta ta cire duk wani kore ba za ta ci fuskar mutum ba. Na biyu yana cikin ƙirar kyamarar kanta. A yawancin kyamarorin zamani, cikin kowane ɗigo huɗu masu karɓar haske biyu na kore ne, ɗaya na ja, ɗaya na shuɗi, tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya yi wa rajista a 1976. Ke nan kore ne launin da kyamara ta fi gani da tsabta. Amma ba dole ba ne. In Hassan zai sa rigar Super Eagles, ai sai a nemo shuɗin yadi.

A nan ne muke da magana da telolinmu da masu sayar da yadi. In yaro ya zo neman koren yadi, don Allah kada a ba shi shadda ko wani yadi mai sheƙi, ko da ya fi kyau ya kuma fi tsada. Sheƙi yana mayar da haske, sai wani wuri ya fito fari wani ya fito baƙi-baƙi, kwamfuta kuwa kore iri ɗaya take so daga wannan gefe zuwa wancan. Yadin auduga mara ƙyalli ake bukata, daga bandir ɗaya, domin rini yakan bambanta tsakanin bandir da bandir. A goge shi sarai, a ja shi a ɗaure ta kowace kusurwa, saboda kowace tattara inuwa ce, kowace inuwa kuma aikin dare ɗaya ne ga ɗalibi.

Sai tufafin ɗan wasa. Hular da aka yi wa aiki da koren zare, in aka cire kore sai ka hango Dala ta cikin kan Hassan. Haka aikin wuyan babbar riga. Tabarau da agogo da sarƙa da 'yan kunne duk suna kwaso koren yadin su nuna shi. Gyale mai shara-shara kuwa shi ne babban ciwon kai, domin rabin abin da ake gani ta cikinsa mutum ne rabi yadi ne. Sa'an nan tilas ɗan wasa ya matsa daga jikin yadin, kamar mita biyu zuwa uku in ɗakin ya isa, don kada inuwarsa ta faɗa a kai, kada kuma hasken kore ya zubo masa a kafaɗa da kumatu. Wannan ya fi shafar mu baƙar fata, musamman a zafin nan na kudu, domin fuskar da ta yi gumi kamar madubi take. Shi ya sa za ku ga ana bin ɗan wasa da hoda da tawul ko da namiji ne. Ba kwalliya ake masa ba.

Abin da ya fi tona asirin haɗi shi ne haske, kuma a nan ne muke ganin ɗalibai da yawa, har da waɗansu manya a sana'ar, suna sakaci. In an ɗauko Dala da hantsi rana tana dama, Hassan kuma fitila ta haske shi daga hagu, ko tsohuwar da ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba za ta ce wannan hoto akwai ƙarya a ciki, ko da ba ta iya nuna inda take ba. Ido ya saba da rana ɗaya. Har wa yau hasken Kano a lokacin hunturu, da ƙurar nan da ke dusashe inuwa ta mayar da sama fari-fari, daban yake da hasken Ibadan bayan an ɗauke ruwa. Shawararmu ita ce a fara ɗauko Dala tukuna, domin ba mai iya matsar da rana, fitila kuwa ana iya kai ta duk inda ake so. Tun ran gini ran zane.

Yanzu ga maganar kyamara. Fim jerin hotuna ne marasa motsi da ake nunawa da sauri, kowane ɗaya muna ce masa firam. Silima tana tafiya a kan firam 24 a sakan, talabijin ɗinmu na Nijeriya a kan 25, na Amurka kusan 30. Tilas duk hotunan da za a haɗa su kasance a kan lissafi ɗaya, kuma a tsayar da shi tun kafin a fita ɗauka. Bambancin 24 da 25 kamar ba kome ba ne, amma fim na minti goma da aka ɗauka a 24 in aka kunna shi a 25 zai ƙare a minti tara da sakan 36, baki da murya su rabu. Akwai kuma ruwan wutar lantarki a ciki. Wutarmu tana juyawa sau 50 a sakan, ta Amurka sau 60, wayoyin hannu da yawa kuwa a kan firam 30 suke zuwa. Shi ya sa in ka ɗauki bidiyo a ƙarƙashin doguwar fitila ko ƙwan lantarki mai araha sai ka ga haske yana rawa, ko baƙaƙen layuka suna gangarowa. Maganinsa a mayar da kyamara kan 25, ƙiftawarta kuma kashi ɗaya cikin hamsin na sakan. In da ƙaramin janareto ake aiki, wanda gudunsa ke hawa da sauka, to gara a nemi fitila mai batir, ko a fitar da yadin tsakar gida a ɗauka cikin inuwa.

Bayan haka duk wani abu da kyamara ke yi da kanta a kashe shi: daidaita haske, daidaita launi, neman fuska, hana girgiza, da gyaran fatar nan da 'yan mata ke so. Duk suna sauya hoton daga firam zuwa firam ba da shawarar kowa ba. Waya tana da wata ɗabi'a kuma, takan rage yawan firam in wuri ya yi duhu, ta ƙara in ya yi haske. Wanda ya ɗauka da waya wajibi ne ya fara mayar da hoton kan lissafi tsayayye kafin kome.

Mu zo ga aune-aunen da ya dame ku. Da zarar darakta ya ce ya gamsu, kowa so yake ya naɗe kaya ya tafi, a lokacin ne ɗalibin haɗi zai ce a dakata masa minti biyar. Abu na farko, kowa ya fita daga gaban kyamara, ba tare da an taɓa ta ba, a ɗauki wurin babu kowa. Mun sa masa suna hoton wayam. Da shi ake cike gurbi in ana so a goge igiya, ko sandar makirfo, ko a ɓatar da aljani ba tare da bishiya ta yi tsalle ba. Sakan goma kacal yake ci, rashinsa kuwa yakan ci mako guda. Na biyu, a rubuta a littafi: tsayin kyamara daga ƙasa, nisanta da ɗan wasa, lambar gilashin da aka sa mata, yadda ta sunkuya ko ta ɗaga, ƙarfe nawa ne, rana tana wane gefe. Wanda ya ɗauko Dala daga tsayin ƙirji, in aka ɗauki Hassan daga tsayin gwiwa, ƙasar da yake tsaye a kai ba za ta taɓa haɗuwa da ta Kano ba. Na uku, a riƙe ƙwallo biyu a inda ɗan wasa ya tsaya, ɗaya ruwan toka ɗaya mai sheƙi kamar madubi, a ɗauke su. Mai tokar yana nuna ƙarfin haske da inda ya fito, mai sheƙin yana nuna duk fitilun da ke wurin. Na huɗu, a ɗauki wani allo mai gida-gida baƙi da fari, saboda kowane gilashin kyamara yana ɗan lanƙwasa miƙaƙƙen layi a gefe-gefen hoto, da wannan allo ake gane iyakar lanƙwasar.

In kuwa kyamara za ta motsa, to aiki ya ninka. Sai an manna 'yan alamu da salatif a jikin yadin, waɗansu kuma a ƙasa ko a kan sanda, na kusa da na nesa, don kwamfuta ta bi sawunsu ta gane yadda kyamara ta yi tafiya, ta motsa Dala daidai da haka. Kada a cika su, domin duk alamar da ta ratsa bayan kan ɗan wasa da hannu za a goge ta. Mu dai abin da muke gaya wa ƙannenmu 'yan ajin farko shi ne, a kafe kyamara a kan ƙafarta mai uku, a bar yawo da ita sai hannu ya faɗa. Haɗin da aka kafe ya yi kyau ya fi mai yawo da yake zamewa.

An gama ɗauka, an dawo gida. Kafin a ci abinci, a kwafe katin kyamara gaba ɗayansa, ba a tsinci na so ba, a ajiye a wuri uku: cikin kwamfuta, cikin faifan ajiya, da wani faifan da zai kwana a wani gida daban. Ba a goge kati sai an buɗe kwafin an ga yana tafiya. Ɗalibin da hotonsa ya salwanta a shekarar ƙarshe ba 'yan wasa kawai zai sake tarawa ba, yana iya maimaita shekara, kuɗin kuma daga aljihunku zai sake fita.

Akwai wata ɓarna da ba a ganinta da ido. Don bidiyo ya yi sauƙin aikawa, matse shi ake yi, matsewa kuwa zubar da wani abu ne. Abin da aka fi zubarwa shi ne launi. A tsarin da yawancin wayoyi da ƙananan kyamarori ke bi, wanda ake rubutawa 4:2:0, kowane ɗigo huɗu suna riƙe haskensu daban-daban amma launi ɗaya suke rabawa. Mai kallo ba zai lura ba. Amma mu da launi muke yanko mutum daga yadi, sai ka ga gefen kunne da gashin gemu sun fito kamar haƙoran zarto. Wanda ya sami kyamarar da ke ɗauka a 4:2:2 ya rage wahala da rabi. Kazalika akwai zurfin launi: mai lamba 8 matakai 256 yake da su tsakanin baƙi da fari, mai lamba 10 kuwa 1,024, shi ya sa sararin sama a hoto mai lamba 8 yakan fito hawa-hawa in aka taɓa shi. Saboda haka wanda aka aika Kano kada ya turo Dala ta WhatsApp a matsayin bidiyo, domin za a sake matse shi a hanya. Ya turo asalin fayil ɗin, ko ya dawo da katin a aljihunsa.

Wani abin da ke sa iyaye zargin an cuci yaro a wajen sayen kyamara shi ne su leƙa su ga hoton ya koɗe, kamar atamfar da ta sha wanki. Da gangan ne. Ana kiran wannan tsari log, yana tattara hasken rana da duhun inuwa duka ya adana ba tare da ya ƙona ɗaya ya binne ɗaya ba. Kamfanin Kodak ne ya shigo da shi aikin fim na kwamfuta a farkon shekarun 1990, yau kuwa har waya tana yi, irin su iPhone 15 Pro na 2023. Doka a nan ita ce kada edita ya yi wa hoton gyaran launi kafin ya ba mai haɗi. A ba shi ɗanye, a gaya masa sunan kyamara da irin log ɗinta. Shi zai juya Hassan da Dala duka zuwa ma'auni ɗaya na haske, ya haɗa, sa'an nan a yi wa fim ɗin gaba ɗaya ado a ƙarshe. Hukumar da ke ba da lambar Oscar ta fitar da wani tsari na bai ɗaya don wannan, mai suna ACES, a ƙarshen 2014, kuma kyauta ne.

Daga nan sai yanka. Ba dukan abin da aka ɗauka ake ba mai haɗi ba. Edita zai fara jera fim ɗin, darakta ya amince, sa'an nan a ciro wannan sakan goma kaɗai daga asalin hoton. Amma ana ƙara rara, kamar yadda mai awo ke ƙara gyara a kan mudu, galibi firam takwas a gaba takwas a baya, don in an so a ɗan tsawaita fitowar daga baya kada a ce sai an sake aikin. Sa'an nan a warware bidiyon ya koma hotuna ɗai-ɗai, kowane firam da fayil ɗinsa, a tsarin DPX ko kuma OpenEXR, wanda kamfanin Industrial Light & Magic, masu siddabarun Star Wars, suka sake wa duniya kyauta a 2003. Al'adar sana'ar ita ce a fara ƙirga daga 1001, don a bar fili a baya in an bukaci ƙari. Kowace fitowa da lambarta, ana tsallaka goma-goma, 010, 020, 030, ko da wata za ta shigo tsakani. Kowane gyara kuma da lambarsa. Sunaye irin su "na ƙarshe" da "na ƙarshen ƙarshe" da "wannan ne na gaske" sun sa an miƙa wa malamai aikin da ba shi ba ne.

Bari mu yi muku lissafi don ku san dalilin da yaro ke cewa a sake saya masa faifai. Hoto mai faɗin ɗigo 1,920 da tsayin 1,080 yana da ɗigo miliyan biyu da 'yan kai. A tsarin DPX kowane firam yana cin kimanin megabait 8. Sakan goma firam 250 ne, da rara 266, watau sama da gigabait biyu. Wannan Hassan kaɗai ke nan. A sa Dala, a sa hoton wayam, a sa gwaji na ɗaya da na biyu da na uku, an wuce gigabait goma a kan fitowa guda. In da kyamarar 4K aka ɗauka, a ninka sau huɗu. Wanda faifansa bai kai ba yakan koma ga ProRes, wanda matsewarsa ba ta da yawa. Amma hotuna ɗai-ɗai suna da wata fa'ida da ta dace da mu ƙwarai: in kwamfuta tana cikin fitar da aiki aka ɗauke wuta a firam na 200, daga na 201 za a ci gaba. Da bidiyo dunƙule ne, sai a koma farko.

Sauran gyare-gyaren ba za mu tsawaita ba. Kowane hoto yana da wani tsaki-tsaki da ke motsi a cikinsa, musamman a wurin duhu. Ana tace shi kafin a cire kore, in an gama a mayar da shi a kan hoton duka, don kada Hassan ya fito sumul Dala kuma tana yashi-yashi. Lanƙwasar gilashi ma haka, a miƙe ta, a yi aiki, a mayar.

Shi kuwa zaman dare a kan hoto ɗaya, sunansa roto. Inda kore ya gaza, ko inda ba a sa yadi ba sam, da hannu ake zagaye mutum, firam bayan firam. Max Fleischer ne ya ƙirƙiro na'urar a Amurka, ya nemi rajistarta a 1915. Yanzu akwai manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira da ke yin zagayen cikin 'yan mintoci, kuma suna taimakawa, amma gefensu yakan yi rawa a wajen gashi da yatsu da bakin mayafi, sai mutum ya bi ya gyara. Kada a raina wannan aiki. A manyan kamfanonin siddabaru na duniya, roto da goge-goge su ne ƙofar da sabon ma'aikaci ke shiga ta ciki, kuma kaso mai yawa na wannan aiki na fina-finan Amurka a biranen Indiya ake yinsa, irin su Mumbai da Chennai. A nan kusa da mu, masu shirya tallace-tallace da fina-finai a Legas kullum suna da wayar lantarki da za a goge daga sama, ko allon shago da za a sauya. Yaron da ya iya wannan da tsabta, ya kuma iya tsara fayil ɗinsa yadda wani zai buɗe ya gane, yana da sana'a a hannu. Kayan koyon ma ba duka ake saya ba. Blender kyauta ne, DaVinci Resolve yana da na kyauta wanda tun 2018 aka sa masa sashen haɗi mai suna Fusion a ciki, Nuke da manyan kamfanoni ke aiki da shi yana da na koyo wanda ba a yarda a yi aikin kuɗi da shi ba.

Ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo. Muna roƙon a ba mu aron ɗakin taron ƙungiya yamma biyu a mako, tunda yana da faɗin da ɗan wasa zai matsa daga yadi, yana kuma da wutar sola. Muna roƙon ƙungiya ta sayi faifan ajiya biyu su zauna a hannun sakatare, duk ɗalibin da ya ɗauko aiki ya kawo kwafi a ajiye masa da sunansa a littafi. Masu zuwa Kano da Katsina da Sakkwato da kaya, in mun haɗa ku da ɗalibi da kyamara, a ba shi wuri a gaban mota. Mu kuma mun ɗauki alkawari ba za mu kafa kyamara a kowane layi ba sai da izinin mai unguwa da masu gidajen wurin, ba za mu juya ta wajen ƙofar gidan da ba a shiga ba, duk wanda kuma ya faɗo cikin hoto ba da saninsa ba, ko lambar motarsa, ya yi mana magana za mu goge, tunda gogewar ita ce abin da muke koyo.

Mun zo da kwamfuta da koren yadi, suna can bayan ɗaki. In an tashi, duk mai so ya zo ya tsaya mu ɗauke shi, mu nuna masa kansa a gaban Dala, amma mai koriyar hula sai ya ara wata.